Abin da Mai Wanka Ta Gani

Maamobi, Accra
Asabar, 11 ga Mayu

Yayata Basma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Issah da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ya Kumasi, ya kasuwa? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya cika mana gwata har bakin ƙofa. Gwaggo Rahinatu tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko kin manta hanyar Accra ne.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Ke ma kin san halin saƙon murya a zangon nan, ki aika wa mutum ɗaya da safe, kafin la'asar yana wayar matan unguwa kaf. Shi ya sa na ba direban da ke kawo miki kaya. In kin karanta ki ɓoye, ko ki jefa a murhu.

Maganar ɗakin wanka ce. Magadan gidan da ke bayan masallaci sun kafe, sun ce bayan Babbar Sallah za su fasa ɗakin su yi shaguna. Shekara talatin da ɗaya Gwaggo tana wanke gawar mata a ɗakin nan, na unguwa da baƙi, musamman kayayo, 'yan matan nan na arewa masu dakon kaya a kasuwa, waɗanda in sun mutu ba su da kowa a Accra. In ɗakin ya tafi aikinta ya tafi, don ba mai gidan hayar da zai yarda a shigo masa da gawar baƙuwa. Ni kuwa shekarata huɗu ina zuba mata ruwa. Matar da ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, ta ɗauko likkafaninta bara ta ba ni ajiya, ta ce in ranar ta zo ni zan wanke ta, ai ba zan naɗe hannu a rushe mata ɗaki ba.

Kin tuna Fataw, ɗan ajinmu mai surutun nan? Yanzu yana yawo tsakanin gidajen rediyo, wai shi mai haɗa mutane ne. Shi ya ce in labarin ya shiga jarida manya za su ji kunya su sa baki. Ya samo mini katin shiga wani taron 'yan jarida a wani otal wajen filin jirgi, inda mai labari ke zuwa ya tallata labarinsa ga editoci. Gwaggo ba ta so ba. Da na matsa, ta ce in je in faɗi ɗaki in faɗi aiki, amma abin da muke gani a jikin mamata kada ya tsallake ƙofa. Na ce haba Gwaggo, ni za a gaya wa wannan?

Ranar Alhamis na sa leshina na Sallah na hau trotro, motar hayar nan. Yaya, ban taɓa shiga wuri mai tsabtar daɓe da ƙazantar hali irin wannan ba. Kowa da kati a wuya. Kafin a kalli fuskarki sai an karanta katin, in ba a ga sunan gidan jarida ba murmushin ya mutu nan take. Mace ta riƙe hannunki tana cewa ta ji daɗin haɗuwa, idonta yana bayanki tana neman wanda ya fi ki. Ga wani ɗan nama kamar kan yatsa a soke da tsinke, manya da kwat suna rububinsa kamar awaki sun ga dusa. Tir!

Aka jera tebura, kowane da edita, aka ce minti uku kowa, in ƙararrawa ta buga ki tashi. Tebur na farko wata mata ce mai tabarau. Ni dai yadda aka rene ni, na gaishe ta, na tambayi gida, na tambayi aiki, na yi mata ya ruwa. Tana ta kallon agogo. Ina cewa Maamobi ƙararrawa ta buga, wani ya riga ya ja kujerar ina kai. A tebur na biyu na rage gaisuwar. Mutumin yana jin Maamobi ya gyara zama, ya ce faɗan samari ne ko wiwi. Da na ce wankan gawa ne, sai ya tambaye ni ko ina da hotunan gawarwakin a waya. Ta uku kuwa ita ta fi tayar mini da zuciya. Cikin tattausar murya ta ce labarin ya taɓa ta ƙwarai, ko za a samu wata yarinya mai rai ta kwanta a lulluɓe ta a ɗauki Gwaggo tana wanke ta, kuma ko Gwaggo tana iya kuka in an kunna kyamara. Ban jira ƙararrawa ba na tashi.

Fataw ya ja ni gefe yana faɗa, wai na ba shi kunya, nan ba gidan suna ba ne, ba a gaisuwa, abu mafi nauyi ake fara jefawa. Na ce masa ya riƙe taronsa. Na fita na samu wani lungu na yi azahar, na zauna ina ɗaura takalmi.

A nan Allah ya kawo mini sauƙi. Wani ya yi mini sallama da Hausa, cikakkiyar gaisuwa, har da ya gajiya. Sunansa Sharfuddeen, ɗan Accra New Town, yana rubuta wa wata jaridar intanet. Da na ambaci Gwaggo ya dafe kai, ya ce ai ita ta wanke kakarsa. Muka zauna kusan awa guda, ba ƙararrawa ba agogo. Duk mamaciyar da na ambata sai ya ce Allah ya jiƙanta. Na ɗan zarce abin da na shirya faɗa, amma hira ce ta 'yan gida. Ya karɓi lambata, na tura masa hoton Gwaggo na ranar sunan 'yarki. Ya ce in ba shi mako biyu.

Ki taya mu da addu'a. Ki gaida Yaya Issah, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Zakiya


Maamobi
Lahadi, 26 ga Mayu

Yaya Basma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin naki? Na ga kiranki har sau biyar, ki yi haƙuri, ba zan iya maganar nan da baki ba. Na san ya iso Kumasi, tunda har a rediyo an karanta shi da Hausa da Twi.

Labarin ya fito ranar Laraba. Ga hoton Gwaggo ƙato, tana murmushin ranar suna, a samansa an rubuta wai masu wanka sun fasa ƙwai kan sirrin gawarwakin kayayo. Ɗakin da na je dominsa yana can ƙarshe, layi biyu. Sauran duka a kan yarinya ɗaya ne, Rashidatu, wadda muka wanke cikin azumi. Tunda duniya ta ji, ba abin da zan ɓoye miki. Ciki gare ta, ba aure, ta sha wani abu don ya fita, shi ya tafi da ita. Daga ni sai Gwaggo muka gani. Ni na faɗa masa a lungun otal ɗin nan.

Ban faɗi sunanta ba, shi ma bai rubuta ba. Amma ya rubuta kasuwar Malata, ya rubuta watan azumi, ya rubuta wajen Walewale. Kayayo nawa ne 'yan wajen Walewale suka mutu a Malata cikin azumi? Kafin azahar kowace mai ɗauke da tasa a kasuwar ta san wa ake nufi, kafin magariba saƙon ya kai ƙauyensu. Uwar yarinyar, lokacin rasuwar, Gwaggo ce ta kira ta a waya ta ce mata ajali ne ya zo, an wanke 'yarta tsaf, an yi mata sallah, jama'a sun raka ta. Da wannan matar take kwana take tashi, yanzu na ƙwace mata shi.

Ranar Juma'a magajiyar kayayo ta zo da mata uku. Da ma sun yi zagi ya fi mini. Suka tsaya a bakin ƙofa, an shimfiɗa tabarma sun ƙi zama, an kawo ruwa sun ƙi karɓa. Magajiya ta ce uwar yarinya ce ta aiko a tambaya ko gaskiya ne. Ina tsaye a bayan Gwaggo, ina jiran ta juyo ta nuna ni. Ba ta juyo ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce ɗakinta ne, duk abin da ya fita daga cikinsa ita ce, sannan ta dafa bango ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo ta nemi gafara. Mace mai shekara saba'in, Yaya, a gaban sa'o'in 'ya'yanta. Suka juya suka tafi ba sallama.

Na kira Sharfuddeen. Kin san abin da ya fi ba ni ƙyama? Sai da ya gaishe ni tsaf, ya tambayi jikin Gwaggo. Wai bai sa suna ba, wai kanun labari edita ke rubutawa, wai amfanin jama'a ne, ƙila a ceci wasu 'yan mata. Ya ƙara da cewa labarin ya fi duk na makon samun masu karatu, in yi murna. Ɗan zango, wanda ya san abin da ake nufi da wankan gawa, wanda Gwaggo ta ga tsiraicin kakarsa ba ta taɓa furta ko kalma ba! Da baƙo ne ya yi sai in ce bai sani ba. Na kashe wayar na je bayan gida na tofar da yawu.

Fataw kuma ya zo da haƙora a waje, wai yanzu na iya, sunana ya shiga bakin manya, editoci biyu suna neman lambata, har da mai tabarau ɗin nan. Na nuna masa hanya.

Gwaggo ba ta ce mini komai ba har yau. Tana amsa gaisuwata, tana cin tuwon da na tuƙa. Da ta mare ni da na samu barci.

Ki gaida mutanen gida. Ki sa ni a addu'a.

Zakiya


Maamobi
Asabar, 20 ga Yuli

Yayata,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da ta wuce. Ya yara, ya hidima? Naman da kika aiko ya iso, Gwaggo ta sa albarka. Ki yafe mini shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi ɗaukar biro.

Za ki yi dariya ko kuka, ban sani ba, amma an bar mana ɗakin. Wata ƙungiya ta karanta labarin, ta sasanta da magadan. Sun sa tayil fari har bango, sun ja famfo, sun kawo gadon ƙarfe mai magudana, sun manna allo da sunansu a ƙofa. Suka shirya bikin buɗewa. Biki, Yaya, a ɗakin gawa! Aka kafa rumfa, aka ɗaura kyalle a ƙofar aka yanka da almakashi ana tafi. 'Yan jarida sun fi ashirin, rabinsu fuskokin otal ɗin nan ne. Wani ya shiga da takalmi ya hau kan gadon wankan don hotonsa ya fito da kyau. Wata ta ce a kira tsohuwar ta riƙe bokiti ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta aiko cewa kanta yana ciwo. Ana gama jawabi suka yi layi a bayan rumfa suna karɓar ambulan ɗin kuɗi da suke kira soli, ko ɗaya bai tambayi inda aka binne yarinyar ba.

Yau wata biyu ke nan ba a kawo gawa ko ɗaya ba. Kayayo sun koma kai nasu wajen wata tsohuwa can unguwar Malam, duk nisan nan, a bayan motar kaya. Kowace safiya Gwaggo tana ɗaukar makulli ta buɗe ɗakin, ta share, ta duba kafur da ganyen magarya, ta rufe ta dawo. Tayil ɗin yana ta sheƙi.

Na ɗauka abin zai tsaya kan baƙi, sai ranar Litinin Hajiya Barikisu ta rasu. Maƙwabciyarmu, ƙawar Gwaggo tun suna amare, wadda suke cin kwano ɗaya. Gwaggo tana jin kuka ta ɗaura zanen aikinta ta ɗauki jakarta. Muna isa babbar 'yar marigayiyar ta tare mu a zaure da ladabi, ta ce kada Gwaggo ta wahalar da kanta, an riga an aika unguwar Kawukudi a ɗauko mai wanka. Gwaggo ta ce to, Allah ya ba da lada. Ta zauna cikin masu gaisuwa da jakar a kan cinya, har aka fito da makara. Ina kallon hannuwanta, ba su san inda za su zauna ba.

Shekaranjiya Fataw ya kawo mini kati mai ruwan zinariya. Wai labarin Sharfuddeen ya shiga takarar lambar yabo, a otal ɗin nan za a yi, kuma suna so in hau mumbari in koya wa mutanen unguwanni yadda ake ja hankalin ɗan jarida. Na sa katin a murhu na ɗora ruwan koko.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A takardata ta baya na zagi mutumin nan son raina, kuma ya cancanta. Amma ban gaya miki duka ba. Ranar, a lungun nan, wayarsa tana kan gwiwarsa, na ga jan ɗigon yana motsi. Na san yana ɗauka. Na yi ta ba shi labarin ɗaki da shekara talatin da ɗaya, sai na ga idonsa ya fara zamewa zuwa ƙofar zauren taro, irin zamewar da na gani a idon mutanen taron. Maganar Fataw ta faɗo mini, abu mafi nauyi ake jefawa. Na laluba cikina na ɗauko mafi nauyin abin da nake da shi, na jefa. Idonsa ya dawo kaina, kuma wallahi, Yaya, daɗi na ji. Har na ƙara masa da sunan kasuwar ba tare da ya tambaya ba.

Duk ƙyamar da na kwaso daga otal ɗin nan, yanzu in na tsaya alwala na kalli hannuna ita nake ji. Jiya na faɗa wa Gwaggo wannan, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, sannan ta ce in duba wake kada ya ƙone.

Ki gaida Yaya Issah. Kada ki nuna masa wannan.

Ƙanwarki,
Zakiya


Maamobi
Lahadi, 4 ga Agusta

Yaya Basma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da maigida da yara. Kada hankalinki ya tashi, Gwaggo lafiyarta ƙalau, yanzu ma ta dawo daga sharar ɗakin.

Direba zai ba ki ƙunshi tare da takardar nan. Kada ki buɗe a gaban yara.

Jiya da hantsi Gwaggo ta yi sallama a ƙofar ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, kullum ni ke zuwa wajenta. Ta zauna a bakin gado. Ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta tambayi kwanana, ta tambayi aiki, ta tambayi ciwon kan da nake fama da shi, ba ta bar komai ba. Sannan ta ce ta zo karɓar ajiyarta. Na gane, amma na yi kamar ban gane ba, sai da ta maimaita. Na jawo akwati na fito da likkafanin daga ƙasan kaya, yana nan yadda ta naɗe shi, da ƙanshin kafur ɗinsa.

Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Ta ce in aika miki da shi, in rubuta miki da hannuna tunda ni ce mai boko, cewa in ranar ta zo ke za ki wanke ta. Na ce Yaya Basma ba ta taɓa yi ba, ko jini ba ta iya kallo. Ta ce wankan ba wuya, in kin zo kwana biyu ya isa ta koya miki, sauran kuwa kina da shi tun kina yarinya. Na roƙe ta ko ruwa ne a bar ni in zuba. Ta gyara mayafinta ta ce a'a, ranar mutane za su yi yawa, in zauna a waje in karɓi gaisuwa, tunda na iya magana da baƙi.

Ba ta ɗaga murya ba, har ta sa mini albarka kafin ta fita.

Ki sa shi a ƙasan akwati, inda danshi ba zai taɓa shi ba. Duk bayan wata uku ki fito da shi ya sha iska, ki sake kafur. Haka nake yi.

Ki zo da wuri, tana jiranki.

Ƙanwarki,
Zakiya